Buraƙa

Buraƙa, wasu kan ce Alburaƙa, ita ce dabbar da Manzon Allah (SAW) ya hau a daren Isra'i daga Makka zuwa Baitul Muƙaddas. Kalmar aro ce daga Larabci, kuma ta bi turbar 'yan'uwanta: harafin ƙafun ya zama ƙ kamar a alƙali da alƙalami, sannan aka ƙara mata wasali a ƙarshe, domin harshen Bahaushe ba ya son tsayawa a kan baƙi. Wasalin nan ne ya jefa ta jinsin mata, ake cewa "Buraƙa ce". Galibin malaman lugga sun ce daga sunan walƙiya aka tsago ta saboda saurinta, wasu kuma suka ce saboda ƙyallin farinta.

Sunan bai zo a Alƙur'ani ba. Ayar farko ta Suratul Isra'i ta ambaci tafiyar, ba ta ambaci abin hawan ba. Hadisi ne ya kawo siffarta: a Bukhari da Muslim fara ce, ta fi jaki girma amma ba ta kai alfadari ba, tana sauke kofatonta inda ganinta ya tuƙe. Ruwayar Muslim ta ce an ɗaure ta a zoben da annabawa ke ɗaure abin hawansu. Ta Tirmizi kuwa ta kawo ta da sirdi da linzami, ta yi turjiya, Mala'ika Jibrilu ya shaida mata cewa wanda ya fi Annabi daraja a wurin Allah bai taɓa hawanta ba, sai gumi ya karyo mata. Da wannan kama kalmar ta shiga zaurukan karatu na ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya karantar har ƙarshen rayuwarsa, ta hanyar tafsiri da Ashafa ta Alƙali Iyal, wanda ya rasu a 1149. Almajirin Dodoru ko Kalgo da ya ji ta daga bakin malaminsa abu biyu yake riƙewa: saurin tafiya da girman mahayi.

Saboda haka fassara ta da "doki mai fukafukai da fuskar mace" tauye ma'ana ne. Mai ja zai ce ai fukafukan suna da asali, kuma yana da hujja, domin Sirar Ibn Ishaƙ, wanda ya rasu a 767, ta ambaci fukafukai biyu a cinyoyinta. Sai dai ko a can aikinsu tunkuɗa ƙafafu ne don taku ya yi nisa, wato sauri suke yi wa hidima. Fuskar mutum kuwa masu zanen Farisa ne suka yayata ta, kamar a littafin tarihin Rashiduddin na farkon ƙarni na 14 da littafin Mi'iraji da aka ƙawata a Herat a 1436, daga baya hotunan bugun inji suka kai ta kasuwannin Afirka ta Yamma. Hoto ya fi karatu saurin kama ido, shi ya sa ƙarin ya nemi danne asalin. Wani kuma zai ce dabbar da ba a taɓa gani a daji ba, me zai hana a jera ta da Dodo? Amsar tana cikin yadda masu harshen ke amfani da sunayen biyu. Dodo ɗan "ga ta nan, ga ta nanku" ne, ana rufe labarinsa da "ƙurunƙus", mai bayarwa da mai sauraro duk sun san ƙage ne. Buraƙa kuwa da salati ake ambatonta, a wa'azin watan Rajab da waƙoƙin bege. Ƙamusun da ya haɗa su a layi ɗaya bai saurari Hausawa ba.

Yadda duniyar Musulmi ke amfani da sunan a yau ya ƙarfafa wannan fahimta. Katangar yamma ta harabar Masallacin Ƙudus ana kiranta Katangar Buraƙa, don an ce nan aka ɗaure ta, kuma rikicin da ya ɓarke a kanta a 1929 da sunanta Larabawa suka san shi. Da Maroko ta ƙaddamar da jirgin ƙasanta mai gudun kilomita 320 a awa, wanda ke haɗa Tanja da Kasabalanka, a Nuwamban 2018, sunan Buraƙa ta raɗa masa, alhali a kan dogo yake tafiya, ba shi da fiffike ko ɗaya.