SAWUN TSOHUWA: TARIHIN FITAR MATAN ƊAN GULBI

 

Kullum in aka tashi ba da tarihin ƙasarmu, sarakuna ake lissafawa, da wanda ya sari daji, da wanda ya gina rijiyar fari. Wannan daidai ne. Amma akwai rabin tarihi wanda ba a faɗi a fada, sai a gindin turmi da bakin murhu, watau na mata. Shi ya sa a wannan fitowa na ɗauki sawun tsohuwa guda, kakata ta wajen uwa, wadda takardarta ta ce an haife ta wajajen 1945. Ba ta yarda a sa sunanta ba. Duk wanda ya karanta zai ga tasa kakar a ciki, domin hanya guda suka bi.

Mu fara da tushe. Tun da Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri a 1836, mutane suna cunkushe ne kusa da birane masu ganuwa saboda tsoron hari. Sai da yaƙe-yaƙe suka kwanta, farkon ƙarnin da ya wuce, sa'an nan Gobirawa da Katsinawa suka riƙa yin arewa suna neman gona, suna bin Gulbin Kaba, kowane mai gida ya sari wurinsa. Dalilin ke nan da ya sa ƙauyuka da yawa na ƙasar nan ke amsa sunan Gidan Wane. Mu muna ƙarƙashin sarautar Kornaka, barikin Dakoro kuwa sai a 1947 Nasara ya kafa shi. To, abin lura shi ne kusan kowane gida ya bar dangi a kudu. Maza sun kafa gari sun zauna. Mata ne aure ya riƙa ɗauka daga wannan gari zuwa wancan, saboda haka su ne suka san hanya, su ne kuma suka riƙe igiyar zumunci da ƙafarsu.

Fitar kullum ba ta da nisa amma tana da nauyi. Kafin rana ta fito an yi sussuka, an yi surfe, an nufi rijiya da tulu da wasaki. Rijiyoyin tudu zurfi gare su, mata biyu ko uku ke kama igiya guda, tafin hannu ya yi kanta. A nan ake jin wanda ya haihu, da wanda ya rasu, da wadda ta yi yaji. Daga nan sai itace, sai kai fura gona da hantsi. Da damina mace tana noma a gandun mai gida, sa'an nan tana da ranakun da aka ware mata na gamanarta, inda take shuka gero, wake, gyaɗa, yakuwa da kuɓewa. Abin da gamana ta ba ta nata ne, tana da rumbunta. Ku riƙe wannan kalma ta gamana, za mu komo kanta.

Da rani kuwa sai gulbi. Matan ƙasarmu sun ci albarkar kaba ƙwarai: a yanko, a shanya, a saƙa tabarma da faifai da igiya, yara su tsinto goriba. Kakata ta ce da kuɗin tabarma ta sayi akuyarta ta fari, akuyar nan ta haifa mata abin da ta yi wa ɗiyarta ta fari kayan ɗaki. Yanzu gonaki sun ci yawancin wuraren da ake yankan kabar nan, wadda ta rage sai an roƙi mai gona ko an saya.

KASUWA DA BIKI

Kasuwa ita ce fita ta biyu. Ana tashi da asuba a ƙasa, kaya a ka, a yi ayari don kada mace ta bi daji ita kaɗai. Mai hali tana da jaki. Ana kai tabarmi, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daddawar batso da busasshiyar kuɓewa, a sayo gishiri, kanwa, tonka da ɗan goro. Nono da man shanu kuwa sau da yawa ba kuɗi ake ba Fulani ba, musanya ake yi da gero ko dussa. Zamanin gyaɗa, musamman bayan da aka kafa SONARA a 1962, kuɗi sun shigo ƙauye fiye da da, har kwalla da langa na Nijeriya suka fara korar ƙorai daga jeren amarya. Fari na 1973 da ciwon da ya kama gyaɗa a 1975 suka karya wannan ciniki, mata masu matsar mai suka fi kowa jin jiki. Har yau tsofaffinmu da dala suke lissafi, watau tamma 5, kuma har yau in an yi zancen faɗuwar darajar sefa ta watan Janairu 1994, abin da suke tunawa shi ne turmin atamfa da sabulu sun tashi dare ɗaya.

Fita mai nisa ita ce ta biki. Suna, aure, gaisuwar mutuwa, duba mai jego. Yarinya in ta yi cikin fari gidan iyayenta take komawa ta haihu, ta yi wankan jego na kwana arba'in, sa'an nan a rako ta da gara. Ita kuma uwa ko goggo sai ta bi sawu lokaci lokaci ta ga yadda ake riƙon ɗiyarta. Wasu mazan suna ɗaukar biki almubazzaranci ne. A ganina ba su duba da kyau ba. Abin da mace ta kai wa ƙawarta ranar suna ajiya ce, ranar nata bikin za a mayar mata har da ƙari, kuma kowace tana riƙe da lissafin a kanta ba takarda. Tun kafin CARE ta kawo tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, matanmu sun san adashi da bashi da biya. Asusun ƙarfe mai kwaɗo ne kawai sabo.

ABINCIN SALLA

A nan zan ɗan daɗe, don na san 'yan ci-rani nan ne hankalinsu yake.

Shirin ƙaramar salla tun goman ƙarshe na azumi ake fara shi. A fitar da damman gero masu kyau waɗanda aka ɓoye tun kaka, 'yan mata su yi ta daka da luguden tabare har dare, a yi kitso, a ƙunsa lalle. Ranar jajibiri a yanka zabi ko kaji. Da can tuwon gero ne ko na dawa, da miyar kuka ko ta kuɓewa, a zuba man shanu ya kwanta a sama. Daddawa da tonka su ne kayan ɗanɗano. Shinkafa abincin sarakuna da attajirai ce, yaron ƙauye yakan girma bai ci ta sau biyar ba. Sai daga baya shinkafar waje da maka da Maggi suka zama su ne salla, har yaran yanzu in an yi musu tuwo ranar idi sai su ɓata rai.

Amma ainihin abin ba a tukunya yake ba, a rabo yake. Kafin maza su komo daga idi an jera akussa da kwanoni. Wannan na liman, wannan na mai gari, wannan na surukai, wannan na ƙawa, wannan na tsohuwar da ba ta da kowa. 'Yan mata su yi ado su ɗauka, gari ya cika da kai da kawo. Kwano ba ya komowa wayam, ko a zubo wani abincin ko a sa ɗan kuɗi ko goro. Saboda haka kowane gida yakan ci tuwon gida goma, kuma kowa ya san hannun kowa. Tsohuwa ita ce mai tsara wannan rabo. In aka manta da wani gida, magana ce da za ta kai baɗi.

Babbar salla kuwa kun san yadda muke yi, ba kamar wasu wurare na kudu ba. A feɗe rago, a buɗe shi a soke a kan itace biyu gicciye, a jera raguna kewaye da wuta babba, su wuni suna gasuwa. Wannan aikin maza ne. Mata nasu kayan ciki ne, su wanke, su soya, shi ake ci ranar fari. Sai washegari a sauke a yi rabo. Abin da ya rage a yayyanka a soya cikin kitsensa har ya bushe, a zuba a tukunya a rufe, ya yi watanni ba ya lalacewa. Kowace tsohuwa tana da maɓoyarta, jikoki kuwa sun san wurin sarai. Daga ciki ake ajiye na cika-ciki, ranar 10 ga Muharram, daga ciki kuma ake ƙulla wa ɗan da ke ci-rani rabonsa a ba wani mai tafiya. Da yawa cikinku kun karɓi irin wannan ƙunshi a tasha a Kano ko Legas.

TAFIYAR DA BA A SO

Akwai kuma fitar da yunwa ke sawa. Kakannin kakanninmu sun ba da labarin Kakalaba ta 1914. Ita kakata uku ta gani da girmanta. A 1973 zuwa 1974 dabbobi suka mutu, Buzaye da Fulani suka gangaro daga arewa ba ko akuya, aka ci jar dawa ta taimako. Cikin wannan hali soja suka kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya hau. Ta 1984 ita ce aka sa wa suna El Buhari, domin a watan Afrilu na shekarar Janar Buhari ya rufe iyakar Nijeriya, ba a buɗe ba sai 1986, ga shi kuwa can ne muka saba neman hatsi in damina ta ƙi.

A irin waɗannan shekaru maza sukan tafi neman aiki, mata su rage da yara da tsofaffi. Su ne ke shiga daji neman anza, a jiƙa 'ya'yanta kwanaki ana zubar da ruwa har ɗacin ya fita. Su ne ke tsinko jiga da tafasa, su sheƙe ƙarangiya don ɗan ƙwayar da ke ciki. Wannan ilimi ne, ba a lakwal ake koyar da shi ba, kuma mu malamai ya kamata mu ji kunyar cewa yaro zai gama aji shida ya san kogunan Faransa bai san yadda ake gyara anza ba. A 2005 tafiyar ta sake kama: uwaye suka riƙa goya yara masu tamowa zuwa wurin likitocin MSF a Dakoro da Maraɗi, kakanni na biye da su riƙe da buta da tabarma.

MOTA

Zancen mota gajere ne. Da fari manyan motocin gyaɗa ne, mace ta hau bisa buhu ta riƙe ƙarfe. Sa'an nan aka sami bashe da Land Rover na ranar kasuwa, amalanken shanu ya sauƙaƙe ɗaukar ruwa da kai mara lafiya likita, daga baya kabu-kabu ya shiga ko'ina. Tafiyar da kan ci kwana biyu a ƙasa yanzu wuni guda ce har a komo. Kakata ta fara ganin Maraɗi tana da 'ya'ya uku, abin da ya fi ba ta mamaki shi ne ruwa na fita daga famfo ba igiya. Ɗan Gulbi ta zama kwamin a 2002, aka yi zaɓen fari a 2004, takardun da ake zuwa nema nesa suka matso kusa.

Sai dai ga abin mamaki. Hanya ta yi sauƙi, fitar mata ta ragu. Salula ta maye gurbin ziyara, gaisuwar mutuwa ma a waya ake yi. Kulle, wanda da can sai gidan malamai da attajirai, ya yaɗu cikin ƙauyuka. Wani don addini yake yi, ba mu da ta cewa. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, wani don gona ta yi kaɗan ne: mutane sun yi yawa, an raba gandu har ya zama ɗan zane, mai gida ba shi da abin da zai yanka wa matarsa gamana, sai ya ce ta huta. Matar da ba ta da gamana ba ta da rumbu, ba ta da abin kai wa biki, ba ta da zabin yanka ranar salla sai abin da aka miƙa mata. In miji ya rasu ko ya yi nisan ci-rani, ita da 'ya'yanta ke shiga uku. Kakata tana da shekara wajen tamanin, har bara da waken gamanarta ta yi wa jikoki goron salla. Jikokinta mata da ke aure yanzu, ƙalilan ne ke da ko taki goma.

Shi ya sa nake roƙon shugabannin ƙungiya su sa magana biyu cikin taron da za a yi bayan babbar salla, lokacin da 'yan ci-rani suke gida. Ta fari, gonakin waɗanda suka daɗe a waje, waɗanda ake ba haya ko jingina, a duba ko za a fara ba gwagware mata da matan gidan aro kafin a kai wa baƙo. Ta biyu, kowane ɗalibi da ya zo hutu ya zauna da kakarsa da kaye da alƙalami, ya rubuta garin da aka auro ta, da rijiyoyin da ta ja, da kasuwannin da ta ci, da sunayen da suke kiran shekarun yunwa. A kawo mini a lakwal ko a ba magatakardan ƙungiya, za mu riƙa bugawa gida gida a fitowa ta gaba.