Kwanson Tawada: Yadda Tsohon Alƙalami Ya Koma Dogaro da Sirinji

Akwai wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu tara tsofaffin alƙaluma a Turai da Amurka da Japan. Mutum ya mallaki alƙalamin da aka ƙera shekara sittin ko saba'in da suka wuce, tsininsa na zinare, lafiyarsa ƙalau, amma ɗan kwanson tawadar da ake zura masa a ciki an daina yin sa tuntuni, wani ma kamfanin da ya ƙera shi ya riga ya mutu. Wasu na cewa a nemi tsohon kwanso a riƙa ɗura masa tawada da sirinji. Wasu na ganin a sauya wa alƙalamin ciki gaba ɗaya. Akwai kuma masu cewa a ajiye shi cikin akwatin gilashi, kallo ya wadatar. Kafin a raba gardama, ya kamata a san yadda aka faɗa wannan rami.

Alƙalami mai ɗauke da tawadarsa a ciki ba sabon buri ba ne. Alƙali Nu'uman ya ruwaito cewa a ƙarni na 10 Halifa Mu'izzu na daular Faɗimiyya ya sa an ƙera masa wanda ba ya ɓata hannu ko tufa. Daga nan labarin ya yi duhu na ɗaruruwan shekaru. A 1827 wani ɗan Romaniya, Petrache Poenaru, ya yi rajistar nasa a Faransa, sannan a 1884 Lewis Waterman na birnin New York ya fito da dabarar siraran hanyoyi a ƙarƙashin tsini, waɗanda ke barin iska ta shiga yayin da tawada ke fita. Ana yawan cewa dillalin inshora ne da tawada ta ɓata masa takardar ciniki, haushi ya sa shi ƙirƙira. Wannan dai ya fi kama da zancen 'yan talla.

Alƙaluman wancan zamani, kwance su ake yi a ɗiga musu tawada da irin abin ɗiga maganin ido. A 1908 Walter Sheaffer ya yi rajistar ɗan kunnen ƙarfe da ke matse jakar danƙo a cikin alƙalami, in an sake shi ta zuƙo tawada. A 1929 kamfanin Pelikan na Jamus ya kawo mai murɗi, wanda ke jan tawada kamar famfo. Abin lura a nan shi ne dukkansu daga kwalba suke sha, kuma ba ruwansu da wanda ya yi kwalbar. Shi ya sa alƙalamin 1930 yau ma yana aiki, iyaka a sauya masa jakar danƙo in ta bushe.

Shi ma kwanso ya girmi yadda ake zato. Kamfanin Eagle na Amurka ya sayar da alƙalami mai kwanson gilashi tun wajajen 1890. A shekarun 1920 an yi wani mai suna John Hancock da kwanson jan ƙarfe, a 1936 kuma reshen Waterman na Faransa ya sake gwada na gilashi. Babu wanda ya ci kasuwa.

To me ya faru daga baya da kowa ya ruga ga kwanso cikin shekara bakwai kacal? Biro ne ya faru. Ranar 29 ga Oktoba, 1945, kantin Gimbels na New York ya fara sayar da biro a kan dala 12.50, mutane suka yi dafifi. A 1950 Marcel Bich ya fito da Bic a Faransa, mai araha, ba cikawa, ba gogewa. Hankalin masu alƙalami ya tashi. Wajajen 1953 Waterman ya fitar da C/F mai kwanson roba, wanda Harley Earl, mai zana motocin General Motors, ya tsara siffarsa. Aurora na Italiya ya biyo da Duo Cart a 1954, Sheaffer a 1955, Platinum na Japan a 1957, sai Parker 45 a 1960.

Masu kare kamfanonin suna cewa tsafta ce ta kawo kwanso: ɗan makaranta ba zai ƙara kifar da kwalba a kan littafi ba. Wasu kuma sun ce fasaha ce kawai, sai da aka iya yin roba mai laushi da arha sannan abin ya yiwu. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya, amma ba su amsa tambaya guda ba. In tsafta ake nema, me ya hana a yi kwanso iri ɗaya? Me ya sa bakin na Sheaffer ba ya shiga Parker, na Parker ba ya shiga Waterman? Ni dai a ganina lissafin kasuwa ne tsagwaronsa. Alƙalami sau ɗaya ake saye, tawada kuwa kullum. In ka ɗaure mutum da bakin kwanson da kai kaɗai ke yi, ka samu mai saye na har abada. Duk wanda ya taɓa sayen firinta da arha, ya je sayen tawadarta ya ji kuɗin da ya kusa na injin, ya san wannan wasa, kuma ya san dalilin da masu shagunan kwamfuta ke ɗura tawada da sirinji.

Sai dai wayon bai ceci kowa ba. A 1958 Bic ɗin nan da ake gudu shi ya saye kamfanin Waterman na Amurka. An ci gaba da yin C/F a Faransa shekaru masu yawa, daga baya aka daina kwansonsa. Esterbrook ya rufe a farkon shekarun 1970, alƙalumansa masu kwanso suka zama marayu, haka ma na Wearever. Parker ya cancanci yabo a nan, domin kwanson da yake sayarwa yau yana shiga alƙalamin 1960. A Turai an samu wani gajeren kwanso mai tsawon milimita 38, wanda bai kai cin mililita ɗaya ba, da Pelikan da Montblanc da Kaweco da wasu da yawa suka yi tarayya a kansa. Amma har gobe Lamy da Pilot da Sailor da Platinum kowa da nasa.

Daga nan ne sirinji ya shigo. Aikin ba wuya, sai dai yana son natsuwa. Za a samu sirinji mai allura marar tsini, a fara ɗura ruwa mai sanyi a cikin tsohon kwanson ana zuƙewa har ya fito fari tas. A bar shi ya bushe. Sannan a zura allurar har ƙasa, a tura tawada a hankali tana tasowa, domin in aka tsaya a baki kumfa ce za ta toshe, tawadar ta dawo wa mutum a yatsu. A bar ɗan fili a sama. Wanda ya dace da tsohon fakitin da ba a taɓa buɗewa ba zai tarar da rabin tawadar ta ƙafe, don ruwa yana tsiyayewa ta jikin roba cikin shekaru. Wasu na ƙara tataccen ruwa, amma ya fi a wanke a zuba sabuwa.

Raunin wannan hanya a bakin kwanso yake. Kowane cirewa da mayarwa yana buɗa shi, wata rana ya tsage, tsagar da ido ba ya gani sai aljihun riga ya ba da labari. Masu gyara sukan yanke bakin tsohon kwanso su manna masa jakar danƙo, ya zama abin matsewa. Wasu sun fara buga sabbi da injin nan mai ƙera abu daga zanen kwamfuta. Wasu kuma sukan shafa man silikon a zaren murɗin, su cika gangar jikin alƙalamin da tawada, wato an koma dabarar zamanin Waterman na farko. Wannan ba ta yi wa mai jikin ƙarfe, tawada cinye shi za ta yi.

Gargaɗi ɗaya ya shafe mu kai tsaye. Tawadar allo da ake haɗawa da gawayi da ƙaro ta alƙalamin kara ce da kurtu. In ta shiga siraran hanyoyin nan ta bushe, sai mai gyara, in ma ya iya.

A muhawarar can, ina tare da masu sirinji, domin ba su yanka komai ba, ba su manna komai a jikin alƙalamin ba. Don haka wanda ya buɗe akwatin mahaifinsa ko kakansa ya tarar da irin wannan alƙalami, kada ya jefar da busasshen kwanson da ke ciki. Wataƙila ya fi alƙalamin wuyar samu.