Lauyan kyauta: abin da doka ta tanadar wa mai ƙaramin ƙarfi a Nijar da ƙasashe maƙwabta

Nijar, Najeriya, Kamaru, Chadi da Ghana duk suna da dokar da ta ce talauci ba zai hana mutum samun mai kare shi a gaban alƙali ba. Duk da haka, mutane da yawa na zaune a gidajen kaso suna jiran shari'a, wasu kuma sun haƙura da gona, gado ko kuɗin ciyar da 'ya'ya, saboda ba su san da wannan tanadi ba, ko sun sani amma ba su san inda za su dosa ba. Ga bayanin yadda tsarin yake, da waɗanda suka cancanta, da hanyar nema.

Mene ne taimakon shari'a na kyauta?

Iri biyu ne. Na farko shi ne wanda gwamnati ke ɗaukar nauyinsa: ta biya lauya, ta kuma yafe wa mutum kuɗin shigar da ƙara da na takardun kotu. Na biyu shi ne aikin sa kai, inda lauya mai zaman kansa ko wata ƙungiya ke karɓar shari'ar mutum ba tare da karɓar ko sisi ba. Lauyoyi na kiran wannan da kalmar Latin "pro bono", wato don amfanin jama'a.

A ƙasashen da ke aiki da Faransanci akwai wani bambanci da ya kamata a riƙe. "Assistance juridique" na nufin wayar da kai da ba da shawara: a faɗa wa mutum haƙƙinsa, a nuna masa kotun da ta dace, a taya shi rubuta takarda. "Assistance judiciaire" kuwa ita ce a ba shi wanda zai tsaya masa a gaban alƙali.

Tushen wannan haƙƙi

Sashe na 7 na Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi ta 1981 ya ba kowa damar a saurari ƙararsa, ya kuma samu mai kare shi. Sashe na 14 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin jama'a da siyasa ta 1966 ya ƙara da cewa, idan adalci ya buƙaci haka, a naɗa wa wanda ake tuhuma lauya kyauta matuƙar ba shi da halin biya, a kuma samar masa tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Sanarwar Lilongwe ta 2004 ta yi la'akari da ƙarancin lauyoyi a Afirka, ta nemi a shigo da mataimakan shari'a, wato mutanen da aka horar kan doka amma ba lauyoyi ba.

Nijar: hukumar ANAJJ

A Jamhuriyar Nijar, doka mai lamba 2011-42 ta ranar 14 ga Disamban 2011 ce ta kafa hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, ANAJJ, ƙarƙashin kulawar ma'aikatar shari'a. Hukumar na aiki ta ofisoshin da ke manyan kotuna irin na Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas, Arlit, Difa, Doso, Tilaberi da Birnin Ƙonni.

Shawara kyauta ce ga kowa. Samun mai tsayawa a kotu kuwa ta hanya biyu ake bi. Mai ƙaramin ƙarfi zai nema, ya kawo shaidar cewa ba shi da hali. Akwai kuma waɗanda dokar ta ba su kai tsaye saboda rauninsu: ƙananan yara da ake tuhuma ko waɗanda aka zalunta, naƙasassun da ba za su iya kare kansu ba, waɗanda ake tuhuma da manyan laifuka, matan da aka ci zarafinsu, da matan da ke neman kuɗin ciyarwa, rabon gado ko riƙon 'ya'ya.

Babban cikas shi ne nisa. Galibin lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune, alhali Damagaram kaɗai na da tazarar kusan kilomita 900 daga babban birnin. Shi ya sa ake amfani da waɗanda ake kira "défenseurs commis d'office", mutane masu ilimi da ba lauyoyi ba, waɗanda ake naɗawa su kare wanda ake tuhuma a inda ba a samu lauya ba. Ƙungiyoyi irin su ANDDH mai kare haƙƙin ɗan Adam da ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar su ma suna sauraron koke-koke da ba da shawara.

Kafin a kai ga kotu, doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta rikicin aure, gado da gonaki. Idan an daidaita ko an kasa, ana rubuta takardar shaida. Sarki sasantawa yake yi, yanke hukunci na alƙali ne, don haka wanda bai gamsu ba yana da damar wucewa kotu. Riƙe kwafin wannan takarda na da muhimmanci, domin da ita ake kafa hujja daga baya.

Tun daga ofishin 'yan sanda

Sa'o'in farko bayan kamu su ne mafi hatsari, domin a nan ake ɗaukar bayanin da zai bi mutum har gaban alƙali. Ƙa'idar UEMOA mai lamba 05 ta Satumban 2014 ta ba lauya damar kasancewa tare da wanda aka kama tun daga lokacin kamu, a ofishin 'yan sanda ko na jandarma. Ƙa'idar ta shafi ƙasashen ƙungiyar takwas, ciki har da Nijar, Benin, Togo da Burkina Faso.

A laifukan yau da kullum, tsarewar bincike a Nijar awa 48 ce, ana iya ƙara ta sau ɗaya da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Tsarin mulkin Ghana ya ce a kai mutum kotu cikin awa 48. Na Najeriya ya ce kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in ba haka ba kwana biyu.

Yadda abin yake a maƙwabta

A Najeriya an kafa hukumar Legal Aid Council a 1976, kuma dokar 2011 ce take aiki da ita yanzu. Tana da ofisoshi a jihohi 36 da Abuja, kuma an fi tanadar aikinta ga wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. Lauyan da ke neman muƙamin SAN sai ya nuna shaidar shari'o'in da ya yi kyauta. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA na karɓar ƙararrakin mata da yara. Duk da haka, kusan biyu bisa uku na mazauna gidajen yarin ƙasar jiran shari'a suke yi.

A Kamaru, dokar 14 ga Afrilun 2009 ta kafa kwamitocin taimakon shari'a a kotuna. Ana miƙa buƙata ga sakataren kwamitin tare da takardar shaidar rashin hali daga magajin gari. Ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, da wanda aka yanke wa hukuncin kisa yake ɗaukaka ƙara, na cikin waɗanda ake ba su kai tsaye.

Chadi ta yi tata dokar a 2019, amma tun kafin nan ƙungiyoyi irin su APLFT da cibiyar PILC ta lauya Delphine Djiraibé ke ɗauke da babban ɓangare na aikin.

A Ghana, dokar 2018 ta kafa Legal Aid Commission. Tun 2007 kuma ake gudanar da shirin Justice for All, inda alƙalai ke zama a cikin gidan yari su duba takardun waɗanda suka daɗe a tsare ba hukunci.

Shari'ar Hadijatou Mani

Misalin da aka fi sani a yankin shi ne na Hadijatou Mani, 'yar yankin Birnin Ƙonni, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12 kan sefa dubu 240. Bayan ta samu takardar 'yanci a 2005 ta auri wanda take so, sai wanda ya saye ta ya yi ƙarar ta, kotu ta ɗaure ta wata shida bisa laifin aure kan aure. Ƙungiyar Timidria, da Anti-Slavery International da Interights, suka tsaya mata har gaban kotun CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Ba don an samu masu ɗaukar nauyin shari'ar ba, da ƙararta ba ta je ko'ina ba. Ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga CEDEAO a Janairun 2025 ta ƙara wa kotunan cikin gida nauyi a irin waɗannan ƙararraki.

Idan an kama mutum a ƙasar da ba tasa ba

Fatake, direbobi, almajirai da 'yan cirani sun fi faɗawa wannan hali. Sashe na 36 na Yarjejeniyar Vienna ta 1963 ya ba baƙon da aka tsare damar a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa idan ya nema. Haƙƙin samun tafinta bai tsaya kan 'yan ƙasa ba. Wanda ba ya karanta Faransanci, Turanci ko Larabci yana da damar neman a fassara masa takarda kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Yadda ake nema

A fara da ofishin taimakon shari'a ko na magatakarda a kotu mafi kusa. A je da katin shaida ko takardar haihuwa, da takardar shaidar rashin hali daga ofishin magajin gari inda ake buƙatarta, da duk wata takarda da ta shafi maganar: sammaci, shaidar gona, takardar saki ko ta asibiti. Idan mutum na tsare, danginsa su rubuta ranar kamu, wurin da ake riƙe da shi da lambar fayil ɗinsa. A kula da 'yan kamasho da ke yawo a harabar kotu: duk kuɗin da aka biya a nemi rasit. A kuma hanzarta, domin wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne, wani lokaci kwanaki kaɗan bayan yanke hukunci.