Daga Bayan Kaka Zuwa Ajin Nazare: Tarihin Renon Yara da Mai Biyan Kuɗinsa a Ƙasar Kudan

Idan aka ce "gidan renon yara", hankalin mutane yakan tafi Abuja ko Kaduna, inda ma'aikaciya ke sauke jaririnta da safe, ta biya kuɗi a ƙarshen wata. Mutumin Hunkuyi ko Likoro zai ce wannan ba damuwarsa ba ce, tunda a nan ɗa na kowa ne. To amma tarihin yankin Ikara da Makarfi da Kudan ya nuna cewa reno bai taɓa zama kyauta ba. A kowane zamani akwai mai ɗaukar nauyinsa. Abin da ke sauyawa shi ne wane ne shi, kuma da me yake biya.

Zamanin gandu

Tun kafin a yanke Ƙaramar Hukumar Kudan daga Makarfi a 1996, kai tun kafin zuwan boko, ƙauyukan arewacin Zazzau suna da tsarinsu na reno, kuma babban gida ne tushensa. Uba da 'ya'yansa maza suna noma gandu ɗaya, matansu suna tsakar gida ɗaya, girki yana zagayawa. Wadda ba ta da girki takan riƙe ɗan mai girki. Mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, a yi mata wankan jego a can. Idan yaro ya kai wajen shekara biyu, sai a kai shi wurin kaka yaye. Ga kunyar ɗan fari, wadda ke sa uwa ta sakar wa dangi renon ɗanta na farko. Ga kuma riƙo, inda gwaggo ko inna ke ɗaukar yaro ya zama nata har ta aurar da shi.

Wannan tsari yana rubuce. Tsakanin 1949 da 1950, a garin Giwa, Mary Smith ta rubuta labarin rayuwar wata dattijuwa daga bakinta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta reni 'ya'yan dangi har suka girma. Irin su Baba ne suka riƙe wannan aiki, ba albashi, sai ladan zumunci da fatan samun mai jin ƙai a tsufa.

Akwai kuma wata ma'aikaciyar da ba a cika ambata ba, wato 'yar reno. Yarinya ce mai shekara bakwai ko takwas, an ɗaure mata ƙaninta da zane da majanyi, ƙafafunsa na reto har kusan gwiwarta. Da shi take zuwa rijiya, da shi take kai niƙa. Matar da ke cikin kulle ba za ta iya soya ƙuli-ƙuli ko kirɓa fura ta sayar ba sai da yara biyu: mai goyo da mai talla. Binciken Polly Hill a Batagarawa cikin shekarun 1960 da na Enid Schildkrout a birnin Kano cikin shekarun 1970 sun nuna yadda sana'ar matan aure ta rataya a wuyan yara.

Boko ya ɗauke mai goyo

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Makarantu suka shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganin aji ba. Alheri ne babba, sai dai ya zo da tambayar da ba a tanadi amsarta ba: idan yarinya ta tafi aji da safe, wa zai riƙe jaririn? Wannan na cikin dalilan da suka sa iyaye mata da yawa suka noƙe, ko da yake an fi ɗora laifin a kan ƙin boko.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ambaci karatun share fage, ta ma lissafa kula da yara yayin da iyaye ke gona ko kasuwa ko ofis cikin amfaninsa. Amma ta bar kafa irin waɗannan makarantu ga masu zaman kansu, gwamnati ta tsaya a kan ƙarfafa gwiwa da sa ido. Saboda haka nazare ta tsiro inda akwai masu albashi, kamar Samaru da Sabon Garin Zariya, kusa da Jami'ar Ahmadu Bello. Daga Hunkuyi zuwa Samaru ba wata tafiya ba ce, amma tazarar da ke tsakanin ɗan malamin jami'a da ɗan mai noman rake ta fara tun kafin su shiga aji ɗaya.

A lokaci guda gandu ya riƙa tsinkewa. Gonaki suka rarrabu da gado, samari suka ware tukunya, wasu suka tafi birni neman kuɗi. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya ƙara tura mata neman na kansu. Gidan da a da ke da mata biyar a tsakar gida ya koma mace ɗaya da ƙananan yara.

Gwamnati ta shigo, ta tsaya a bakin ƙofa

An ƙaddamar da shirin ilimin tushe ga kowa, wato UBE, a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004. Ita ce ta shigar da kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don tallafa wa jihohi. Daga nan aka fara buɗe azuzuwan share fage a firamaren gwamnati. A 2013 sabuwar manufar ilimi ta mayar da shekara ɗaya ta share fage wajibi ga ɗan shekara biyar, ta bar renon yara daga haihuwa zuwa shekara huɗu a hannun 'yan kasuwa da hukumomin jin daɗin jama'a. Wato shekarun da uwa ta fi bukatar taimako su ne aka bar mata.

Jihar Kaduna ta ga girman wannan bukata a Janairun 2016, lokacin da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta fara ciyar da 'yan firamare. Azuzuwa suka cika suka batse. A 2019 kuma jihar ta mayar da hutun haihuwa wata shida ga ma'aikatanta mata, alhali Dokar Ƙwadago ta ƙasa mako 12 kawai ta tanada. Malamar firamare da ungozomar asibiti sun amfana. Amma mafi yawan matan Kudan ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Mai tsinkar tumatir da barkono a fadama da rani ba ta da hutu: tana sunkuye, goyo na bayanta cikin rana, ko ta shimfiɗa shi a gindin mangwaro ta sa yayarsa gadi, ranar kuwa ta makaranta ce.

Tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin komai ya tashi, har da na nazare. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, amma wanda ke sayen hatsi da magani daga ciki ya san abin da ke ragewa.

Muhawarar da ke gabanmu

Wasu ƙasashe sun riga mu yin gardama kan ko gwamnati ta ɗauki nauyin renon yara. A Amurka, majalisa ta zartar da dokar renon yara ta ƙasa a 1971, Shugaba Richard Nixon ya ƙi sa hannu, yana ganin za ta raunana iyali. Lardin Kwibek na Kanada ya bi wata hanyar a 1997, ya sa kuɗin reno dala biyar a rana, gwamnati ta cike sauran. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Indiya: tun 1975 take kafa cibiyoyin Anganwadi a ƙauyuka, inda macen gari ke kula da yara 'yan ƙasa da shekara shida, a ba su abinci, a auna su, a bi diddigin rigakafinsu.

A nan gida, masu adawa suna da hujja biyu masu nauyi. Ta farko, tarbiyyar jariri haƙƙin uwa da dangi ce, bai kamata a miƙa ta ga baƙo ba. Ta biyu, gwamnatin da ba ta gama rufe ajin firamare da samar da malamai ba, ina za ta iya da jarirai? Masu goyon baya suna amsawa da cewa dangin da ake magana a kansu sun ragu, kuma nauyin da gwamnati ta ƙi ɗauka bai ɓace ba, yana bayan yarinyar da ya kamata a ce tana aji uku.

Tarihin nan ya fi ƙarfafa maganar masu goyon baya, ba tare da ya rushe ta masu adawa ba. Kudan ba ta bukatar gidan reno irin na Abuja. Tana da Islamiyyun matan aure, tana da asibitocin sha-ka-tafi, tana da dattijai mata da unguwa ta yarda da amanarsu. Ɗaki mai tabarma da ruwa mai tsabta a jikin makaranta, da mace 'yar gari da aka horar ake kuma biyanta, abu ne da ƙaramar hukuma za ta iya. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa musu kai tsaye, jama'ar Kudan suna da damar su nemi a sa renon yara cikin kasafin da ake tsarawa a Hunkuyi. Kakanni da 'yan mata sun daɗe suna biyan wannan kuɗi da ƙarfinsu da karatunsu. Lokaci ya yi da baitulmali zai ɗauki rabonsa.