Muryar Mai Jinya

Duk wanda ya taɓa kwanan jinya a asibitin Gwarzo ko na Kabo ya san muryar da ke fara tashi idan numfashin maras lafiya ya sauya cikin dare. Muryar mai jinya ce, uwa ko 'yar uwa da ta shimfiɗa tabarma a gindin gado. Ita ke rugawa wajen nas, nas ta aika a taso likita. Idan abin ya fi ƙarfinsu, sai a nemi mota a kama hanyar Kano, zuwa Asibitin Murtala, wanda aka kafa tun ƙarshen shekarun 1920 da sunan Asibitin Birni, ko Asibitin Malam Aminu Kano na 1988. Mace mai jijjiga ko zubar jini bayan haihuwa kuwa, wannan tafiya kaɗai na iya cinye ta.

Ƙasashen da muke koyi da su ma sun daɗe suna laluben wannan tsari. A 1960 likitocin Johns Hopkins a Amurka suka nuna cewa danna ƙirji na iya riƙe rai bayan zuciya ta tsaya, daga nan asibitoci suka ware ayarin da ake kira da zarar hakan ta faru. Sai dai galibi kiran yakan zo a makare, domin jiki kan yi awanni yana ba da alama: numfashi ya yi sauri, bugun jini ya faɗi, hankali ya fara gushewa. Saboda haka a 1990 Asibitin Liverpool da ke Sidni, a Ostareliya, ya kafa ayarin da ake kira tun alamun na farko.

Abin da aka fi jinkirin amincewa da shi shi ne idon dangi. Sai a 2024 Ingila ta fara aiki da Dokar Martha, mai sunan wata yarinya 'yar shekara 13 da ta rasu a 2021 bayan an ƙi sauraron iyayenta. Dokar ta ba dangi ikon kiran wasu likitoci dabam su sake duba maras lafiya.

Mu nan ƙarancin ma'aikata ne ya ɗora wa mai jinya wannan gadi tun fil azal, ba tare da an koya mata ƙirga numfashi ba, balle a faɗa mata ƙofar da za ta buga idan an ce mata ta koma ta jira gari ya waye.