Tarihin Alamun Gargaɗi: Yadda Siffarsu Ke Sa A Ji Tsoron Haɗari Ko A Raina Shi

Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. To amma kunne ba ya jin abin da aka faɗa masa da harshen da bai sani ba, haka kuma ido ba ya tsoron alamar da ba a koya masa ba. Manufar wannan lacca ita ce a bi tarihin gargaɗin da akan buga a jikin kaya da littattafan bayanin aiki da su, domin a ga yadda launi da zane da zaɓen kalma ke ƙara wa haɗari girma ko rage masa a zuciyar mai karatu.

Tsohuwar alamar guba a ƙasashen Turawa ita ce ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. An daɗe ana ɗauka cewa kowa ya gan ta zai gane, sai abin da ya auku a Iraƙi a 1971 da 1972 ya ƙaryata wannan zato. Gwamnatin ƙasar ta sayo irin alkama da sha'ir wanda aka wanke da magani mai sinadarin makuri, aka rina shi ja-ja, aka rubuta gargaɗi a buhunan da Sifaniyanci da Ingilishi. Irin ya isa hannun manoma da yawa bayan lokacin shuka ya wuce. Ba su iya karanta rubutun ba, zanen ƙoƙon kai kuma bai gaya musu kome ba. Wasu suka wanke jan launin, suna tsammanin gubar ta fita tare da shi, suka niƙa, suka yi burodi. Da yake wannan guba takan yi makonni kafin ta nuna kanta, ba a farga da wuri ba. Mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 daga cikinsu suka rasu a can.

A shekarar 1971 ɗin dai, wani likitan yara a birnin Pittsburgh na Amurka, Richard Moriarty, ya lura cewa yara suna danganta ƙoƙon kan da 'yan fashin teku na cikin labaransu, watau abin sha'awa. Saboda haka ya ƙirƙiro wata koriyar fuska mai yatsina da harshe a waje, domin a liƙa a kwalaben guba. Amma binciken da aka yi a shekarun 1980 ya nuna cewa ita ma ba ta hana ƙananan yara taɓa kwalaben ba.

Alamar tururin nukiliya mai fiffike uku, wadda aka zana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1946, ta gamu da irin wannan cikas. A Tailan, a shekarar 2000, masu tara tsofaffin ƙarafa sun farfasa wata na'urar asibiti mai ɗauke da wannan alama ba tare da sun san ma'anarta ba, mutum 3 suka mutu. A 2007 aka fito da ƙarin alama: jan fili mai kusurwa uku, da ƙoƙon kai, da mutum yana gudu. Wannan karon zanen yana faɗin abin da za a yi, ba sunan haɗarin kawai ba.

Dangane da littattafan bayani kuwa, a 1991 Amurka ta tsara matakai uku: kalma mai nufin haɗari a kan ja, mai nufin gargaɗi a kan ruwan goro, mai nufin hattara a kan rawaya. A 2006 aka fitar da ƙa'ida ta musamman ga littattafan kansu. Masu bincike sun gano cewa jan launi da kalmar farko suna ɗaga tsoro ƙwarai, amma mutane ba su cika bambanta sauran biyun ba. Sun kuma gano cewa gargaɗin da ya faɗi sakamako ƙarara, kamar makanta ko guntulewar yatsa, ya fi shiga rai bisa ga wanda ya ce a kula kurum. Har ila yau, idan gargaɗi ya yi yawa a shafi, ƙarami da babba sukan zama ɗaya, sannan wanda ya saba da kaya ba safai yake karantawa ba.

Wannan darasi ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Kwalaben maganin feshi da ke kasuwanninmu suna ɗauke da zirin launi a gindin takardarsu: ja ga mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Bayanin kuwa galibi da Ingilishi ko Faransanci yake, kuma akan ɗura maganin a wata kwalba marar takarda a sayar. Ya kamata malaman gona da ma'aikatan lafiya da masu fassara su gwada kowane gargaɗi a kan manoman da aka yi shi dominsu kafin a buga, su tambaye su abin da suka fahimta da kuma abin da za su aikata.