Ɗalibi a Baƙuwar Ƙasa: Daga Zauren Zariya zuwa Landan



Tafiya neman ilmi tsohuwar al'ada ce a ƙasar Zazzau. Yaro kan taso daga Taba, ko wani ƙauye na wajen Ikara, Makarfi da Kudan, ya nufi birnin Zariya, ya sauka a Unguwar Juma ko Kona. Kewar gida ba ta barinsa, amma malamin da ya karɓe shi ya zama ubansa, a zaurensa yake kwana, akushi ɗaya yake sa hannu da sauran almajirai. Wato karatu da masauki tare suke zuwa.

Karatun boko a ƙasashen waje shi ya raba su. A 1945 aka tura Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946. Ingila ta fito daga yaƙi a jigace, har burodi sai da kati ake saye. Hunturun farkon 1947 kuwa ya yi tsananin da gawayin ɗumama ɗaki ya yi ƙaranci, aka riƙa ɗauke wuta. Ga kuma masu gidajen haya da ke rufe ƙofa da sun ga baƙar fata. Ni ma da nawa lokacin ya zo, na tarar sanyi bai kai shirun ɗaki ciwo ba: sai mutum ya wuni ba wanda ya ce masa sannu.

Gwamnati ta biya kuɗin makaranta da na littattafai, ba ta tanadi uba ba. Ɗalibai da kansu suka sake gina zaure. Ladipo Solanke ya jagoranci kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, WASU, a 1925, ta buɗe masaukinta a Camden a 1933, inda ake cin abincin gida, a yi muhawara har dare. Malam Aminu ma tun yana can ya fara harhaɗa ƙungiyar malaman makarantun Arewa.

Ba kowa ya tsira ba. A ƙarshen shekarun 1950 Dokta Adeoye Lambo ya binciki taɓin hankali tsakanin ɗaliban Nijeriya a Birtaniya. Shi ne likitan da tun 1954, a Aro ta Abeokuta, yake saukar da marasa lafiyarsa a gidajen mutanen ƙauye, kowanne tare da wani ɗan'uwansa mai jinya.